Sevilla a kwana biyu: jirgin ruwa ya wadatar, ko sai an taka?

Tambaya: Ina da taro a Madrid, kuma bayan taron zan samu rarar kwana biyu. Mahaifiyata za ta biyo ni, ina so in kai ta Sevilla, wato Ishbiliya da muke ji a tarihin Andalus. Ta haura shekara 60, gwiwa na ɗan damunta. Wani aboki ya ce mu shiga jirgin ruwan da ke zagaya da baƙi kawai, za mu ga komai muna zaune. Haka ne, ko sai mun taka da ƙafa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri kan wannan niyya, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Akwai biranen Turai da manyan gine-ginensu suka yi sahu a bakin ruwa, kana cikin jirgi suna wucewa ta gabanka, kamar Paris ko Budapest. Sevilla ba haka take ba. Abubuwan da za su sa mutum ya taso daga Madrid dominsu, wato hasumiyar Giralda, fadar Alcázar da tsofaffin lungunan gari, duk suna can ciki, gidaje sun tare su. Daga cikin jirgi ba abin da za ku gani na Giralda sai ƙoƙuwarta tana leƙowa ta saman rufin gidaje. In kuka tsaya ga jirgi kaɗai, Hajiya za ta koma gida ta ce ta ga gadoji.

Amma kada ka soke jirgin. Wurinsa daban ne, kuma zan zo kansa. Na sha kai baƙi garin nan, ciki har da dattawa masu dogara sanda, kuma abin da na koya shi ne a fara da ƙafa da sanyin safiya, a ajiye jirgi sai yamma, lokacin da ƙafa ta gaji kuma kai ya riga ya cika da labarin da zai sa kogin ya yi ma'ana.

Abin da zai kwantar maka da hankali game da gwiwar Hajiya: garin shimfiɗe yake kamar faifai, ba hawa ba gangara. Kuma manyan wuraren uku da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1987, babbar majami'a da hasumiyarta, fadar Alcázar, da gidan ajiye takardu na Archivo de Indias, suna kallon juna ne a dandali ɗaya. Daga ƙofar wannan zuwa ƙofar wancan bai fi minti biyu ba. Daga nan zuwa bakin kogi inda ake shiga jirgi kamar minti goma ne a tafiyar dattijo. Wahalar ba ta nisa ba ce, ta tsayuwa ce a layi da kuma rana. Dukansu biyun ana iya kauce musu.

Layi ana kauce masa da sayen tikiti ta intanet tun kana Madrid, a shafin wurin na ainihi, don akwai 'yan kayi-na-yi da ke buɗe shafuka masu kama da shi suna ninka kuɗi. Tikitin Alcázar da suna yake fita da kuma lokacin shiga, saboda haka ku riƙe fasfo. Rana kuwa, a Yuli da Agusta zafin Sevilla yakan haura digiri 40. Kada ka ce ai mu 'yan Sakkwato ne ko 'yan Maraɗi, mun saba. A gida ba wanda ke yawo a kan dutse da ƙarfe uku na rana don nishaɗi. Mutanen garin ma rufe shaguna suke su shige ɗaki. In kana da zaɓi, Maris zuwa Mayu ko Oktoba sun fi, sai dai ka duba kalanda: makon Ista da suke kira Semana Santa, da bikin Feria da ke biyo bayansa, kuɗin masauki kan yi tashin gwauron zabo, tituna kuma su cushe har ba wurin sa ƙafa.

Daga Madrid jirgin ƙasa mai gudu zai kawo ku tashar Santa Justa cikin kamar awa biyu da rabi. Ka nemi masauki kusa da majami'ar, ko da ya ɗan fi tsada, domin Hajiya ta riƙa komawa ta miƙe da rana. Wannan kuɗin ya fi kowane kuɗi amfani a tafiyar.

Ranar farko ku fara da Alcázar da zarar an buɗe. Yawancin baƙi Musulmi in sun shiga sukan ɗauka fadar sarakunan Musulunci ce, saboda rubutun Larabci a bango da zanen filasta da tayil. Asalinta haka ne, kuma akwai saura daga zamanin Muwahhidun, daular Musulmi da ta taso daga Maroko, kamar farfajiyar da ake kira Patio del Yeso. Amma ɓangaren da ya fi ɗaukar ido, sarkin Kirista ne ya gina shi, Pedro na Ɗaya, daga 1364, fiye da shekara 100 bayan garin ya fita daga hannun Musulmi. Magina Musulmi ya ɗauko, wasu daga Garnaɗa, wato Granada, inda abokinsa Muhammadu na Biyar ke mulki, wasu daga Toledo. Ka tsaya da Hajiya a gaban ƙofar fadar ku ɗaga kai: za ku ga "wa la galiba illallah", taken sarakunan Garnaɗa, an maimaita shi da tayil shuɗi da fari, kewaye da rubutun Sifaniyanci mai yabon Pedro. A wajen wannan sarki ne Ibn Khaldun ya zo jakadanci, ya ga garin da kakanninsa suka baro. Lambun fadar yana da inuwa da kujeru da ruwa mai gudana. Nan ne wurin hutun farko, kuma kada ku yi gaggawar barinsa.

Sai majami'ar. A nan zan ɗan daɗe, don nan ne zuciyar abin da kuka zo gani. Musulmi sun karɓi garin a 712 ƙarƙashin Musa bin Nusair, suka riƙe shi har 1248. Halifan Muwahhidun Abu Ya'aƙub Yusuf ne ya fara babban masallaci a wannan wuri a 1172, aka gina hasumiyarsa tsakanin 1184 da 1198, maginin da ya fara ta kuwa Ahmad bin Baso. 'Yar'uwar hasumiyar Kutubiyya ce ta Marrakesh da hasumiyar Hassan ta Rabat. Wanda ya taɓa zuwa Maroko zai gane kamannin nan take. Bayan sarkin Kirista Fernando na Uku ya ci garin, an mayar da masallacin coci yadda yake, aka yi ta amfani da shi haka sama da shekara 150, kafin a rushe shi a ƙarni na 15 a gina wannan ƙatuwar majami'a. Abu biyu suka tsira: hasumiyar da farfajiyar alwala. Ƙwallayen tagulla da ke saman hasumiyar girgizar ƙasa ce ta kayar da su a 1356, sannan a 1568 aka kammala ɗakin ƙararrawa a kanta, da mutum-mutumin tagulla mai juyawa da iska, wanda daga gare shi sunan Giralda ya samo asali. Tsayinta yau kimanin mita 104.

Ga albishir ga mai ciwon gwiwa: cikin hasumiyar ba matakala ba ce, gangare ne mai faɗi da ke zagayawa sama, sama da hawa 30, sai 'yan matakala kaɗan a ƙarshe. Ana cewa an yi shi haka ne don a iya hawa a kan dabba. Akwai tagogi a hanya inda mutum zai ja gefe ya huta. Na ga tsofaffi sun kai ƙarshe a hankali, sannu ba ta hana zuwa. Amma saukowa ta fi cin gwiwa, saboda haka ka bar Hajiya ta yanke wa kanta hukunci. In ta ce a'a, ta zauna a farfajiyar itatuwan lemu, Patio de los Naranjos, inda masallata ke alwala shekara 800 da suka wuce. Ƙofar da ake fita ta nan, Puerta del Perdón, ƙyaurenta na zamanin masallacin ne, an lulluɓe shi da tagulla, kuma in ka matsa kusa za ka ga ƙananan rubutun Kufi a jiki. Mutane da yawa suna wucewa ba su lura ba.

Wata magana da ya kamata a faɗa ƙarara: wurin nan coci ne mai aiki, ba a salla a ciki ko a farfajiyarsa, kuma ma'aikata za su hana. Na taɓa tafiya da wani bawan Allah da shauƙi ya ɗebe shi ya nemi ya kabbara a gindin itacen lemu, aka yi ta ba shi haƙuri. Akwai ƙaramin masallaci a dandalin Ponce de León, tafiyar minti 15 zuwa 20 daga nan. Masu bin ƙwallo za su tuna Frédéric Kanouté, ɗan wasan Mali da ya yi wa ƙungiyar Sevilla wasa. Shi ne ya sa kuɗinsa a 2007 ya sayi wa Musulmin garin wannan wurin salla lokacin da ake shirin rasa shi. Ka kuma lura agogon Sifaniya yana gaba da rana sosai. A bazararsu azahar ba ta shiga sai wajen biyu da rabi, magariba kuwa ta kusa ƙarfe goma na dare. Ranar Lahadi ba a buɗe majami'ar ga masu ziyara sai da rana, bayan an gama ibada.

A cikinta akwai kabarin Kolumbus, mutum-mutumi huɗu ɗauke da akwatin gawa. A wajenta kuma, matakalar da ta kewaye ginin, nan ne 'yan kasuwa ke hada-hada a ƙarni na 16, har da cinikin bayi. Ƙidayar 1565 ta nuna bayi sama da 6,000 a garin, akasarinsu baƙaƙen Afirka. Ba kasafai masu yi wa baƙi jagora ke ambata wannan ba, ni kuwa ina ganin ɗan Afirka bai kamata ya taka wurin bai sani ba. A daidai nan ne kuma za ku haɗu da matan da ke miƙa wa baƙi ɗan reshen ganye mai ƙamshi kamar kyauta. Kada ku karɓa. Da ka karɓa za ta kama hannunka ta fara duba, ta nemi kuɗi. "No, gracias" ka wuce.

Archivo de Indias kyauta ake shiga, akwai sanyi, minti 20 ya isa. Unguwar Santa Cruz da ke bayan fada, tsohuwar unguwar Yahudawa, lungunanta matsattsu ne har wasu mutum biyu ba sa jerawa, kuma an yi su haka ne don inuwa, dabarar da duk wanda ya san cikin birnin Kano ko Zinder zai gane ba sai an yi masa bayani ba. Ku ɗan ɓace a ciki na rabin awa, ku ci abinci, ku koma masauki.

Maganar abinci a taƙaice: naman alade ya shiga kusan komai, har miyar da ba ka zata ba. Salmorejo, wata miyar tumatir mai kauri da ake sha da sanyi, a kanta ake barbaɗa shi. Ka riƙe kalmomi biyu, "sin jamón" da "sin cerdo", kuma ka tambaya ko an sa giya a girkin. Soyayyen kifi, alayyahu da wake da suke kira espinacas con garbanzos, da wainar ƙwai da dankali su ne mafita, ga kuma gidajen abincin 'yan Maroko. Abincin rana sai ƙarfe biyu, na dare sai tara. Lemun da ke zube a tituna kuwa kada Hajiya ta yi kwaɗayinsa, ɗaci ne da shi.

To, yanzu jirgi. Ana shiga ne a gindin Torre del Oro, hasumiya mai kusurwa 12 da Muwahhidun suka gina wajen 1220 don tsaron tashar. Zagayen kamar awa ɗaya ne, ya gangara kudu kaɗan, ya juyo ya haura arewa, ya dawo inda ya tashi. Akwai bayani da aka naɗa cikin harsuna da dama, amma iska da hayaniya kan cinye rabinsa, shi ya sa gara ka san labarin tun kafin ka shiga.

Sunan kogin, Guadalquivir, Larabci ne da bakin Sifaniyawa ya tauna: al-Wadi al-Kabir, babban kogi. Rumawa kuwa Betis suke ce masa, kuma daga nan ƙungiyar Real Betis ta samo suna. Sevilla tana kimanin kilomita 80 daga Tekun Atlantika, amma jiragen teku suna iya hawowa har cikinta, kuma wannan shi ne dalilin arzikinta da kuma masifunta. Ta wannan ruwa mayaƙan Viking suka hawo a 844 suka washe garin. Ta nan aka fitar da sarki mawaƙi al-Mu'utamid bin Abbad a 1091, shi da iyalinsa a cikin jirgi, jama'a na kuka a gaɓa, bayan Murabiɗun da shi da kansa ya gayyato daga hamada don su taimake shi sun juya sun ƙwace mulkinsa. A Agmat ta Maroko ya rasu a 1095. A 1171 aka ɗaure jiragen ruwa a jere aka yi gada tsakanin gari da unguwar Triana, kuma sai da jiragen Fernando suka fasa wannan gada a 1248 sannan garin ya yanke ƙauna ya miƙa wuya. An gyara ta aka ci gaba da amfani da ita har 1852, lokacin da aka buɗe gadar ƙarfe ta Triana da za ku bi ta ƙarƙashinta. Wato kusan shekara 700 mutane na tsallaka kogin nan a kan jiragen da aka ɗaure da sarƙa.

Daga 1503 aka ba Sevilla ikon cinikin Amurka ita kaɗai, duk azurfa da zinariyar da aka kwaso a wannan gaɓa ake sauke su. Daga nan jirage biyar na Magellan suka tashi a Agustan 1519, ɗaya tak ya zagaya duniya, ya dawo a Satumban 1522 da mutum 18. Daga baya laka ta cike kogin, manyan jirage suka kasa hawowa, aka mayar da ofishin cinikin zuwa garin Cádiz a 1717, garin ya yi sanyi.

Akwai wani sirri da ba kowa ke faɗa wa baƙi ba: ruwan da za ku hau ba shi ne kogin mai gudu ba. Saboda ambaliyar da ta addabi garin, a ƙarni na 20 an karkatar da kogin ta yamma, ta bayan Triana, aka bar tsohuwar hanyarsa a toshe ta arewa, da ƙofar ruwa ta kudu. Shi ya sa yake kwance lamo kamar tafki, 'yan wasan tuƙa kwale-kwale na atisaye a kai. Ga Hajiya wannan alheri ne, babu tangaɗi babu jiri.

Abin da ido zai gani: gidajen titin Betis masu launi-launi a gaɓar Triana, farin filin wasan shanu na Maestranza, dogon benen Torre Sevilla da ya tsere wa Giralda tsawo kuma aka yi ta rigima a kansa, tsohon gidan ibada na Cartuja da dogayen bututun hayaƙi na masana'antar tangaran da aka mayar da shi daga baya, sai gadojin da aka gina don baje kolin duniya na 1992, Barqueta da Alamillo. Gaskiya rabin arewa na zagayen ba shi da armashi sosai, gine-ginen baje koli ne da bishiyoyi. Ku shiga wanda zai tashi kamar awa ɗaya kafin faɗuwar rana, ku zauna a sama ta gefen da rumfa take. Na tsakar rana asarar kuɗi ne. Kada ka sayi tikitin jirgi tun da wuri. A bakin ruwa ake sayarwa, kuma suna tashi a kai a kai, sai ka duba ƙarfin Hajiya a ranar. Akwai ƙananan jirage masu lantarki da ke ɗaukar mutane kaɗan, sun fi shiru, amma ka tambaya ko akwai rabon giya a cikin tsarin, don wasu da shi suke tallata kansu.

Rana ta biyu ku sassauta. Da safe ku ɗauki tasi zuwa Plaza de España, wadda aka gina don baje kolin 1929: rabin da'ira ce ƙatuwa ta jan bulo da tayil, da kujeru 48 a jikin bango, kowace da zanen lardi ɗaya na Sifaniya. Tana da ɗan magudanar ruwa inda ake hayar kwale-kwale, wasan yara ne, ku bar shi. Wurin ba tsoho ba ne, amma nan Hajiya za ta fi son a ɗauke ta hoto, ka yarda da ni. Kekunan doki suna tsayawa a nan da kuma gefen majami'a, kuma ga mai ciwon gwiwa sun fi jirgi nuna gari, don suna ratsa lambun María Luisa su bi ta manyan tituna. Ku daidaita kuɗi kafin ku hau.

In akwai sauran ƙarfi, tikitin majami'a yana haɗawa da cocin El Salvador, wanda ke zaune a kan masallacin Juma'a na farko na garin, na Ibn Adabbas, da aka gina wajen 830. A farfajiyarsa za ka ga ginshiƙai sun nutse cikin ƙasa kusan zuwa wuya, saboda yadda ƙasar gari ta tashi cikin shekara dubu da ɗoriya. A wannan gari aka haifi Alƙali Abubakar Ibnul Arabi a 1076, malamin Malikiyya da almajiranmu ke jin sunansa a zaure, kuma a zamaninsa wannan ne babban masallacin Ishbiliya.

Da la'asar ku tsallaka gadar Triana da ƙafa, gajeruwa ce. A ƙarshenta akwai kasuwa mai rufi, a ƙarƙashin kasuwar kuma kangon gidan sarƙa na San Jorge, inda kotun binciken aƙida ta zauna daga 1481 tana tuhumar waɗanda ake zargi da ɓoye addininsu na da. Bayan kasuwar akwai shagunan tangaran, sana'ar da aka san Triana da ita tun zamanin Musulmi. Nan ne wurin tsaraba. Ƙananan faranti da tayil sun fi na gefen majami'a kyau da araha, sai dai a naɗe su cikin zannuwa a tsakiyar akwati. Ku kula da hanyar kekuna mai launin kore a gefen titi, da jirgin ƙasan cikin gari da ke bin titin Constitución, don ba ya ƙara, sai dai ka ji ƙararrawa a bayanka. Ka riƙe hannun Hajiya a wurin.

In taron naka ya ba da damar ƙara kwana ɗaya, Kurɗuba, wato Córdoba, tana kan hanyar komawa Madrid, minti 45 daga Sevilla a jirgin ƙasa, kuma a can masallacin yana tsaye da ginshiƙansa, ba hasumiya da farfajiya kaɗai ba. Za ku iya sauka da safe, ku kama jirgin yamma.